Kilo Ɗaya na Folashade da Gaggawar 'Yan Ƙarfen Jos

Ranar Lahadi 8 ga Satumba, 2024, ranar da aka rufe gasar Paralimfik a birnin Paris, wata mata 'yar shekara 39, haifaffiyar Jos, ta kwanta rigingine a kan benci, aka ɗora mata sandar ƙarfe mai kilo 166 a hannu. Ta sauko da ita kan ƙirji, ta tsayar da ita cik, sannan ta tura ta sama har gwiwoyin hannunta suka miƙe. Alƙalai suka amince, ta kafa sabon tarihi a duniya. Da lokacin sake hawa benci ya yi, abin da aka ƙara mata kilo ɗaya ne tak. Ta ɗaga 167, wato buhun siminti uku da ɗoriyar kilo 17, ta karɓi zinarenta.

Sunanta Folashade Oluwafemiayo. Mai son ya san yadda ake tara ƙarfi ba tare da an rushe jiki ba, ya bi sawun alƙalumanta. A Tokyo, cikin Agustan 2021, ta ɗaga kilo 152. A Birmingham, wajen gasar ƙasashe renon Ingila ta 2022, ta ɗaga 155. A Paris ta kai 167, bayan ta koma ajin matan da nauyinsu ya haura kilo 86. Kilo 15 ke nan cikin shekara uku, a hannun macen da babu na biyunta a wannan fage. A garin da aka haife ta kuwa, akwai samarin da ke neman wannan kilo 15 ɗin tsakanin wannan Juma'a da ta sama.

Ba su da wuyar samu. Wanda ya ratsa lungunan Gangare, Anguwan Rogo, Rikkos, Nasarawa, Tudun Wada ko Bukuru bayan la'asar zai ji ƙarar ƙarfe yana dukan ƙasa daga wani kango, ko daga bayan wani shago mai rufin langa-langa. Bencin mai walda ne ya haɗa shi. Farantan nauyin kuwa, wasu siminti ne da aka zuba a bokitin fenti ya daskare, wasu gangar birki ce ko tsohuwar giyar tirela da aka samo a Dilimi. Ba a cika ɗora su a sikeli ba. An dai ce wannan 20 ne, wancan 30, kuma sau da yawa na hannun dama ya ɗara na hagu, kafaɗa ɗaya tana biyan bashin 'yar'uwarta. Mai ɗagawa yana kwance, idanu sun firfito, na kansa suna ihu: "Saura ɗaya, maza!" Yana ajiyewa wani zai ce, "Oga, a ƙara masa." Mafi ƙanƙantar abin da za a iya ƙarawa shi ne faranti biyu masu kilo biyar-biyar, in ma an yi sa'a akwai su. A otal-otal ɗin Rayfield da sababbin gidajen motsa jiki masu madubi bango guda, kayan sun fi kyau, lambar da ke jikin faranti ma gaskiya ce, amma gaggawar iri ɗaya ce. Bambancin kawai, a can waya ce ke ɗaukar bidiyo a madadin 'yan kallo.

Iyaye da yawa suna kallon wasan nan a matsayin hanyar karya baya, wasu ma sun haɗa shi da daba. Ta fuskar lafiya dai hujja ba ta tare da su yadda suke zato. A 2017 wata mujallar likitocin wasanni ta Birtaniya ta buga nazarin da ya tattaro binciken da aka yi a kan masu ɗaga nauyi, aka ga cewa a wasan da ake kira fawaliftin ana jin rauni tsakanin sau 1 zuwa 4.4 a kowace awa 1,000 ta atisaye. Binciken da hukumar UEFA ta daɗe tana yi a kan manyan kulob-kulob na Turai ya samu rauni kusan 8 a awa 1,000 ga 'yan ƙwallo, a lokacin wasa kuwa abin ya haura 27. Uban da ya hana ɗansa ɗaga ƙarfe, ya sake shi ya tafi buga tamaula a filin tsakuwa da burin ya zama Ahmed Musa ko Mikel Obi na gobe, bai kauce wa asibitin ƙashi ba. Hanyar zuwa kawai ya canza.

Sai dai kada 'yan ƙarfe su yi saurin tafi. A 2018 masu bincike a Suwidin suka tambayi 'yan fawaliftin 104, maza da mata, masu shiga gasa amma waɗanda ba su kai sahun zakaru ba. Kashi 70 cikin 100 suka ce a ranar da ake tambayar ma suna ɗauke da ciwo, kashi 87 kuma sun ji rauni cikin shekarar da ta gabata. Ƙasan baya da ƙugu, kafaɗa da kwatangwalo su ne kan gaba. Kaɗan daga cikinsu ne ciwon ya zaunar a gida. Yawanci sun ci gaba da zuwa atisaye da abinsu. Lissafin biyu ba su ci karo da juna ba. Ƙarfe bai cika kayar da mutum farat ɗaya ba kamar yadda takalmin mai tsaron baya ke yi. Ci yake a hankali kamar gara, kuma a wurin atisaye yake ci fiye da dandalin gasa. Wannan fa a Suwidin ke nan, inda kowane faranti ke da lambarsa, likitan gashin ƙashi kuma yana kusa.

Wasan kansa ɗagawa uku ce. Akwai sikwat, inda mutum ke saɓa sandar a bayan wuya ya tsuguna ya miƙe. Akwai benci, wanda aka gani a hannun Folashade. Sai dedlif, wato cira ƙarfe daga ƙasa har mutum ya miƙe da shi a cinya. Hukumar fawaliftin ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, tana ba kowa dama uku a kowace ɗagawa, a haɗa mafi nauyi na kowacce a fid da gwani. Ya bambanta da ɗaga nauyi irin na Olimfik, inda ake cilla ƙarfen sama da kai cikin ƙiftawar ido. Masu buƙata ta musamman benci kaɗai suke yi. Kowace ɗagawa da inda take cizo: sikwat gwiwa da ƙugu, dedlif ƙasan baya da damtse, benci kafaɗa da ƙirji.

Duk wanda ya taɓa shan farfesun ƙafar saniya ya san bambancin tsoka da agara. Tsoka ja ce, jini yana kai-komo a cikinta a wadace. Agara fara ce mai tauri, jininta kaɗan, kuma ita ce igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Sabon shiga yakan ga abin mamaki a makonninsa na farko: nauyin da yake ɗagawa yana hawa kusan kullum. Mafi yawan wannan ci gaba ba daga girman ƙwanji yake zuwa ba, ƙwaƙwalwa ce ta koyi tattara tsokokin da yake da su su yi aiki tare. Daga baya tsokar ta soma cika. Agara kuwa ba ta san gaggawa ba, watanni take ɗauka kafin ta yi ƙwarin da zai dace da sabon ƙarfin. A cikin wannan tazara ne yaro ke jin kansa Shago ɗan dambe, alhali injin tirela ne aka ɗaure da igiyar guga. Ciwon gaban kafaɗa da ke hana mutum kwanciya ta wannan gefe, zafin gwiwar hannu da ke tashi in an ɗauki buta, tsamin ƙasan baya da ba ya sakin mutum sai rana ta take, duk saƙo ne daga igiyar. Jiki magayi, in ji Hausawa, amma a gidan ƙarfe wanda ya saurari jikinsa shi ake kira rago.

Abin da 'yan unguwa ba su gani a bidiyon zakaru shi ne kwanakin da babu abin kallo. Ƙwararren ɗan fawaliftin yakan yi yawancin aikinsa da kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa, ya ajiye sandar yana jin da sauran ɗagawa ɗaya ko biyu a jikinsa. Bayan 'yan makonni na aiki mai nauyi sai a sassauta mako guda. In gasa ta matso a rage yawan ɗagawa domin gajiya ta fita. Iyakar ƙarfin kansa sau kaɗan ake gwada shi a shekara, galibi a gaban alƙalai. Boris Sheiko, wanda ya horar da 'yan fawaliftin na Rasha shekara da shekaru, ya yi suna da wannan tsari: ɗagawa mai yawa da nauyi matsakaici, ba a cika haura kashi 90 ba. A ɗaya gefen akwai Ivan Abadjiev na Bulgeriya, wanda yaransa masu ɗaga nauyin Olimfik ke kusantar iyakar ƙarfinsu sau da yawa a rana, kusan kowace rana. Ya samar da zakarun duniya, babu musu. Amma zaɓaɓɓu ne daga ƙasa guda, gwamnati ke ciyar da su, ba su da wani aiki sai ci da barci da ƙarfe, wanda jikinsa ya gaza kuma a ɗauko wani. Saurayin Jos da ya wuni yana tuƙa Keke daga Terminus zuwa Bukuru, ya ci shinkafa da wake sau ɗaya, ya zo da yamma yana gwada iyakar ƙarfinsa kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya, tsarin Bulgeriya yake bi ba tare da ɗakin girkin Bulgeriya ba.

Kuma shi ba shi da wanda zai maye gurbinsa a gida.

In igiyar ta tsinke ba a shiru take tsinkewa ba. A benci, daidai lokacin da sandar ke dab da ƙirji, tsokar ƙirji tana miƙe iyakar miƙewarta ga kuma nauyi a kanta. Nan ne takan ɓalle daga ƙashin damtse. Mutum zai ji kamar an yaga ƙyalle, hannu ya saki, kwana ɗaya ko biyu jini ya kwanta baƙi ƙirin daga hammata zuwa damtse. Hafthor Bjornsson, ƙaton Aisland da ya cira kilo 501 daga ƙasa a 2020, haka ta same shi a kan benci a 2023 a gaban kyamara, sai da aka yi masa tiyata. A dedlif, masu riƙe sanda da tafin hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa sukan tsinka agarar damtsen hannun da ke kallon sama, in sun ɗan lanƙwasa gwiwar hannu suna fizga. Akwai kuma riƙon nan na burga da ake cire babban yatsa daga zagayen sanda, wanda in gumi ya sa ta zame babu abin da zai tare ta sai haƙarƙari ko maƙogwaro. Wanda ke benci shi kaɗai a ɗaki, ba mai tsaya masa a kai, da ransa yake caca.

Akwai abin da ido ba ya gani. Mai ɗaga nauyi yakan cika ciki da iska ya riƙe numfashi domin gadon bayansa ya yi ƙyam, kuma daidai ne, haka ake kare baya. Amma jini yana hawa a wannan daƙiƙa hawan da ba a saba gani ba. A 1985 masu bincike a Kanada suka sa na'ura a cikin jijiyar jinin wasu 'yan ƙarfe suna tura nauyi da ƙafa, aka ga na ɗayansu ya haura 480 bisa 350, alhali na mai lafiya a zaune bai wuce wajen 120 bisa 80 ba. Eddie Hall na Ingila, da ya zama mutum na farko da ya cira kilo 500 a birnin Leeds a 2016, haɓo ya ɓalle masa, yana ajiye ƙarfen ya zube. Lafiyayyen jiki yakan jure wannan hawa na ɗan lokaci. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin 'yan ƙarfen Jos, musamman magidanta da suka haura 40 suka dawo don rage tumbi, suka taɓa miƙa hannu aka auna jininsu? Siamand Rahman na Iran, wanda ya ɗaga kilo 310 a kan benci a Rio a 2016, nauyin da har yau ake jinjinawa, bugun zuciya ne ya ɗauke shi ranar 1 ga Maris, 2020, yana da shekara 31. Faɗin ƙirji ba takardar shaidar lafiyar zuciya ba ne.

Mafi muni a cikin al'adun gidan ƙarfe, a ganin mai wannan shafi, shi ne toshe bakin ciwo. Kafaɗa tana zafi, sai a biya kemis a sayi diklofenak, a shafa man zafi, a koma benci. Wasu sun wuce nan sun kai ga tiramol, wanda ya riga ya zama annoba a tsakanin masu aikin ƙarfi a Arewa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Ƙwayar ba ta ɗinke komai ba, mai gadin kawai ta sa barci ɓarawo yana ciki. Allurar sitiroyid da ake sayarwa a ɓoye ita kuma tana ƙara faɗaɗa tazarar nan ta tsakanin tsoka da agara, domin ƙwanjin take hurawa ta bar igiyar a baya, ga taɓa zuciya da hanta, ga rage ƙwayar haihuwa. Ƙoda ma tana da nata rabon. Wanda ya yi atisayen da ya fi ƙarfinsa, jiki ba ruwa, tsokarsa na iya farfashewa dattinta ya toshe ƙoda. Alamar ita ce kumburi da ciwon da ya wuce na kullum, da fitsari mai launin shayin da ba madara. Wannan ba na shafa man zafi ba ne, na asibiti ne a ranar. Masu ɗaga ƙarfe da la'asar cikin azumi, maƙogwaro a bushe, sannan su haɗiyi maganin kashe zafi da buɗa-baki, su ne suka fi kusa da wannan rami. Bayan tarawihi ƙarfen yana nan, ba inda zai je.

A nan ne labarin Esther Nworgu ke da daɗi da kuma ɗaci. Ranar 4 ga Satumba, 2024, a Paris ɗin dai, matashiyar ta hau benci a ajin matan da ba su wuce kilo 41 ba, kwana biyu bayan kafaɗarta ta goce. Ta ɗaga kilo 118, kusan ninki uku na nauyin jikinta, ta samu azurfa. Cui Zhe ta Sin ta ɗara ta da kilo ɗaya. Najeriya ta yi ta yabo, kuma ta cancanci yabo. Wanda ya jira shekara huɗu domin minti biyu, ga likitoci a gefe, in ya zaɓi ya yi kasada ranar, ana iya fahimtarsa. Abin tsoro shi ne darasin da ɗan unguwa zai ɗauka: tunda mace ta ɗaga da gocacciyar kafaɗa, shi wane ne da zai huta saboda ɗan zafi? Ya manta ita lambar Paralimfik ce a gabanta, shi kuwa ranar Talata ce kawai, kuma abin da zai samu bai wuce tafin abokai huɗu ba.

Ga mai keken guragu ko sanda, lissafin ya fi haka nauyi. Kafaɗarsa ita ce ƙafarsa. Da ita yake tura keke, da ita yake sauka daga gado, da ita yake shiga bayi. Binciken da aka yi a gasar Paralimfik ta Landan a 2012 ya ƙirga rauni 38 a tsakanin masu benci 163, kusan kashi 60 cikin 100 kuma tsohon ciwo ne na yawan aiki, ba na faɗuwar rana ɗaya ba, kafaɗa ce kuma kan gaba. Waɗannan kafaɗu su ne suka daɗe suna fid da Najeriya kunya. A Landan 2012 tawagar Olimfik ta dawo hannu rabbana, ta Paralimfik ta dawo da lambobi 13, 12 daga ciki a kan benci aka samo su. A Paris 2024 aka maimaita: masu ƙafa biyu ba ko tagulla, masu buƙata ta musamman lambobi 7, huɗu daga benci, har da zinaren Onyinyechi Mark da ta ɗaga kilo 150. Lucy Ejike, wadda shan inna ya zaunar tun tana ƙarama, ta hau mumbarin karɓar lamba a gasa shida a jere, daga Sidni 2000, shekarar da aka fara barin mata su shiga, har zuwa Tokyo: zinare uku, azurfa biyu, tagulla ɗaya. Shekara 21 kafaɗa ɗaya tana aiki a sahun gaba na duniya. Ƙasar da ke karɓar waɗannan lambobi da hannu biyu ya kamata ta san cewa bashin gashin ƙashi da kula da kafaɗa yana kanta har bayan an daina tafi, lokacin da zakara ya tsufa yana son ya tura kekensa zuwa masallaci ko coci.

Jos ta fi kowa sanin darajar wannan kafaɗa. A garin ne cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ya taɓa, ta ƙera dubban kekunan da ake tuƙawa da hannu tana rabawa kyauta. An tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, samari da 'yan mata masu damatsa kamar turmi saboda shekarun tura keke a hawa da gangaren garin nan. Akwai zakaru a cikinsu. Wanda zai jawo su kan benci kuwa, wajibi ne ya san aikinsa fiye da kocin masu ƙafa biyu, domin kuskurensa ba gasa kaɗai zai hana su ba.

Ita kanta Folashade hanyarta ba miƙaƙƙiya ba ce. Bayan azurfar da ta samu a Landan, an dakatar da ita shekara biyu a 2013 saboda an samu furosemid a fitsarinta a wata gasa a Dubai. Maganin sa fitsari ne, wanda asibitoci suka sani da sunan Lasix, kuma haramtacce ne a wasanni saboda yana zubar da ruwan jiki kafin awon nauyi, yana kuma iya ɓoye wasu ƙwayoyin. Shi ne dai ya sa aka ƙwace zinare biyu daga yaran Abadjiev a Seoul a 1988, har tawagar Bulgeriya ta janye. Jikin da aka matse ruwansa ya rasa gishirinsa, tsoka ta riƙa ɗaurewa, zuciya ma na iya rikicewa. Folashade ta yi zaman hukuncinta, ta dawo ta ci gasar duniya a birnin Meziko a 2017, kuma manyan nasarorinta duk bayan nan suka zo. Shekara biyu ba gasa ba su ƙarar da ita ba. Ɗan Anguwan Rogo kuwa gani yake in ya huta mako biyu ƙwanjinsa zai zube.

In an ji rauni, ƙafar farko gidan mai ɗori take nufa. Ba abin raini ba ne. Masu ɗori sun gaji sana'a, kuma mutane da yawa suna tafiya a yau da ƙafar da suka ɗaure. Amma ɗori na ƙashi ne. Agarar da ta ɓalle daga ƙashi ta janye sama kamar roba, babu karan dawa ko tofin da zai mayar da ita, sai zare da allurar likita, kuma an fi samun nasara in an yi aikin cikin makonnin farko. Wanda ya yi wata uku ana murza masa ƙirji da man shanu kafin ya isa sashen ƙashi na asibitin JUTH a Lamingo, ko asibitin Dala a Kano, ya riga ya cinye lokacin da ya fi tsada. Haka ciwon bayan da ke sauka ƙafa da mutuwar yatsu, ko kumburin ƙaba a mara da ke fitowa in an yi nishi: ɗaure ciki da bel mai faɗi ba ya mayar da su.

Garin ma yana da nasa sharaɗin. A tudun da ya haura mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne, kuma mai fitowa bayan asuba ya cafki sanda mai sanyi kamar ƙanƙara ya fara da nauyin jiya, ba tare da ya yi minti goma yana ɗumama jiki da sandar banza ba, shi ya gayyato abin da zai same shi. Ɗaukar kaya kuwa ba baƙon abu ba ne a Filato. Kafin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. Yau ma 'yan dakon Farin Gada suna sauke buhunan dankalin Bokkos da Mangu tun duku-duku. A lura da tsofaffin cikinsu: ba sa fizga, suna matso da buhu jikinsu, suna kiran wani ya ɗora musu, sabon yaro kuma ba a fara shi da babban buhu. Ba su karanta Sheiko ba. Matsalar ita ce wani ɗan dakon, bayan ya sauke mota guda da safe, da yamma yana gidan ƙarfe yana dedlif, kamar bayan nasa bai san an yi aikin safe ba.

Hukumar wasanni ta jiha tana da rawar da za ta taka, kuma ba mai tsada ba ce. Gasar benci a filin wasa na Rwang Pam sau biyu a shekara, ta masu ƙafa da ta masu keke, da farantan da aka auna, da alƙalai uku, da likitan gashin ƙashi a gefe yana duba kafaɗu yana auna jini, za ta ba 'yan unguwa ranar da za su tanadi ƙarfinsu dominta. Wanda ya san akwai gasa a watan Yuni ba ya ƙona kansa a watan Maris don ya burge mai shayi. Za ta kuma haɗa ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada a kan benci ɗaya, abin da garin nan ke buƙata tun rikicin 2001.

Kafin gwamnati ta motsa, mai gidan ƙarfe yana da abin yi da hannunsa. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa kowa ya rubuta abin da ya ɗaga da kwanan wata, domin ƙwaƙwalwar saurayi ranar bajinta kaɗai take tunawa. Farantan simintin nan a kai su wurin mai sikeli a kasuwa, a rubuta gaskiyar nauyinsu da fenti, ko da 30 ɗin za ta koma 24 wasu su ji haushi. Sannan a je Dilimi wurin mai walda da guntun farantin ƙarfe, ya yanko ƙanana masu rabin kilo, ya huda tsakiyarsu daidai kaurin sanda. Za a yi musu dariya ranar farko, don ba su fi murfin kwano girma ba. Biyu daga cikinsu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ne daidai abin da aka ƙara wa Folashade a Paris.